Kakin Ɗan Agaji Ba Ado Ba Ne

Duk wanda ke bin titin Kano zuwa Daura ta Kazaure ya san abin da ke faruwa in an yi hatsari: nan da nan jama'a su yi cincirindo, wasu na salati, wasu na ɗaukar hoto da waya. Masu sanin abin da ya kamata a yi wa wanda ya ji rauni kuwa ba su da yawa. Ga shi kafin a kai mutum babban asibiti daga gari kamar Kanya Babba ko ƙauyukan Roni da Gwiwa, an ci lokaci. A wannan tsakanin ne ɗan agaji ke da rana.

Me ake koya? Jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kar a saki. Ƙuna, a yi ta zuba ruwa mai sanyi har minti 20, ba man goge baki, ba manja, ba ɗanyen ƙwai. Saran maciji, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, sai a hana mutum yawan motsi a garzaya asibiti. Wanda ya daina numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura masa iska sau 2, a yi ta maimaitawa. Akwai kuma darasin farko: kada mai ceto ya jefa kansa cikin haɗari. Gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura, cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta ishe mu wa'azi.

Wuraren koyo ba su da nisa. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda dokar majalisa ta kafa a 1960, tana da reshe a kowace jiha. Ga kuma 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam, waɗanda muke gani a filin idi da sansanin alhazai.

To ina maganar lambar yabo? Akwai tsarin Duke of Edinburgh, wanda Yarima Philip na Ingila ya kafa a 1956, yanzu kuma ana gudanar da shi a ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya. Na 'yan shekara 14 zuwa 24 ne, ka ga da mu da ƙannenmu na sakandare duk muna ciki. Matakai uku ne: tagulla, azurfa, zinare. A kowane mataki sai matashi ya yi aikin sa kai, ya koyi wata fasaha, ya riƙi motsa jiki, ya kuma yi tafiyar juriya cikin rukuni. Agajin gaggawa na iya shiga ɓangaren sa kai ko na fasaha. Ta tagulla na ɗaukar aƙalla wata shida, ana rubuta abin da ka yi mako-mako, mai kula da kai ya sa hannu. Ba gasa ba ce fa, ba wanda za ka kayar. Naci kawai ake dubawa.

Takardar za ta yi maka amfani ranar neman aiki ko gurbin ƙaro karatu. Amma kafin nan, ajiye waɗannan a waya: 112 don kiran gaggawa, 122 don hukumar kiyaye haɗura. In an yi hutu kuma, tara ƙannenka a tsakar gida ka nuna musu yadda ake tsayar da jini.