Wutar rana da batiri a ƙasar Damargu: yadda ake tafiyar da ita da kalmomin da aikin yake bukata

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba yadda ake tafiyar da wutar rana mai batiri a inda layin NIGELEC bai kai ba, kamar ƙauyuka da rugage da yawa na gundumar Belbeji, wadda aka cire daga ta Tanut a 2011. Za mu nuna cewa wani ɓangare na lalacewar kayan yana da nasaba da harshe: takardun da ke rakiyar kayan da Faransanci ko Ingilishi suke, alhali mai kula da su, ko ma'aikacin likita ne ko mai cajin salula a kasuwa, da Hausa yake karɓar bayani.

Al'amarin ba baƙo ba ne a Nijar. An kafa ONERSOL, ofishin makamashin rana, a 1965, kuma Abdou Moumouni (1929-1991), wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya daɗe yana shugabancinsa. Shi ne kuma ya rubuta L'Éducation en Afrique (1964), inda ya kare koyarwa cikin harsunan Afirka. A shekarun 1990 shirin PRS na ƙungiyar CILSS ya girka famfunan rana a ƙauyukan Sahel, sannan a 2013 aka kafa hukumar ANPER domin kai lantarki karkara.

2. Kayan aiki da sunayensu

Kayan guda huɗu ne. Na farko shi ne pano (daga panneau), wanda a Nijeriya ake ce wa faranti. Shi ke mai da hasken rana lantarki. Na biyu batiri, ma'ajiyar wutar. Na uku regilatar (régulateur), wanda ke tsakanin pano da batiri: yana hana caji ya wuce kima, yana kuma yanke wuta idan batiri ya yi ƙasa ainun. Na huɗu ondilar (onduleur), mai juya bolt 12 ko 24 na batiri zuwa bolt 220 da kayan gida suke amfani da shi.

Waɗannan sunaye na aro sun bi tsarin gaɓar Hausa, amma ba su gaya wa mai sauraro aikin abin. Wanda bai san amfanin regilatar ba, ran da ya yanke masa wuta da dare, yakan tsallake shi ya haɗa waya kai tsaye da batiri. Saboda haka muna ganin "mai gadin batiri" ya fi dacewa wajen koyarwa, domin sunan da kansa gargaɗi ne.

3. Lissafin shiga da fita

Mu ƙaddara wata ƙaramar likita ta ƙauye mai bukatu kamar haka a kowace rana:

(1) ampul 6 na wat 10, awa 5: wat-awa 300
(2) fanka 1 ta wat 40, awa 6: wat-awa 240
(3) cajin salula: wat-awa 60

Jimla wat-awa 600 ke nan. Pano na wat 200, idan ya samu kwatankwacin awa 5 na cikakkiyar rana, zai ba da 1000 a lissafi. Idan aka cire kusan rubu'i da ke salwanta ta zafi, ƙura, waya da caji, saura 750. Batiri na bolt 12 da ampar-awa 200 yana ɗauke da 2400, amma idan na dalma ne, rabi kawai ya kamata a taɓa, watau 1200, abin da zai riƙe likitar kwana biyu.

Rarar da ake samu a rana 150 ce kacal. Ke nan idan aka kwashe 1200 ɗin nan, sai an yi kwana takwas kafin batirin ya koma cike, muddin ba a rage amfani ba. Manomin Damargu ya san wannan lissafi a rumbunsa na hatsi: akwai na ci, akwai iri da ba a taɓawa. Sai dai kwatancin yana da iyaka. Rumbu ba ya lalacewa don ya zauna wayam, amma batirin dalma da ya daɗe ba caji, wani gishiri yana daskarewa a kan farantansa, har ya kasa karɓar caji.

4. Zafi da ƙura

Belbeji tana tsakanin digiri 14 da 15 arewa da ikwaita, don haka akan fuskantar da pano kudu, a karkace da kusan digiri 15. Hasken rana a yalwace yake. Matsalar ita ce zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Pano yana rasa kusan kashi 0,4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da jikinsa ya haura 25, shi kuma batirin dalma rayuwarsa tana raguwa da rabi a kan kowane ƙarin digiri 10. Ɗakin ƙasa mai taga ya fi rumfar kwano dacewa da shi. Tagar kuma dole ce, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Da hunturu kuwa hazo yana rage haske, ƙura tana lulluɓe pano, sai a riƙa share shi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.

5. Kalmomi uku masu harshen damo

a) "Ruwan batiri". Ana kiran asid da wannan suna, ana kuma kiran tataccen ruwan da ake ƙarawa da shi. Abin da ke raguwa a batiri ruwa ne, asid yana nan. Wanda ya ƙara asid ya cinye farantan, wanda ya ƙara ruwan rijiya ya zuba musu gishiri da kanwa. Muna ba da shawarar a raba su: "asid" da "ruwan tururi".

b) "Ya mutu". Ana faɗin haka ga batirin da cajinsa ya ƙare, da kuma wanda ya lalace har abada. Batirin bolt 12 da ya huta yana nuna kusan 12,7 idan ya cika, 12,1 idan ya kai rabi. Gara a ce "ya sauka" a wannan mataki, a bar "ya mutu" ga wanda ba ya riƙe caji.

c) "Ƙarfi". Kalmar tana ɗauke da bolt, wat da wat-awa gaba ɗaya. Mai saye yakan tambayi ko pano yana da ƙarfin ɗaukar firigo, a ce masa i, ba tare da an yi zancen awa nawa ba. Idan aka keɓe "ƙarfi" ga wat, aka ce "ajiya" ga wat-awa, tambaya ta biyu za ta zo da kanta.

6. Kammalawa

Batirin lityum da ya shigo kasuwa ba ya bukatar ruwa, kuma ana iya kwasar kashi 80 cikin ɗari na ajiyarsa, saboda haka matsala ta (a) za ta ragu inda aka iya sayensa. Ta (b) da ta (c) suna nan. Kalmomin da muka kawo shawara ce kawai. Aikin da ya rage wa ɗalibanmu shi ne su tattara abin da masu gyara da masu caji suke faɗa a kasuwannin Belbeji da Tanut, da Hausa da Tamajik da Fulfulde, kafin a tsai da ƙamus.