Mai Wahalar Lissafi Ba Daƙiƙi Ba Ne

A ajin yaƙi da jahilci mukan ga mutumin da ya iya karatu da rubutu, amma idan an zo lissafi sai kansa ya ɗaure. Manomi ne gwani, ya san ƙasa, ya san iri. Amma idan ya kai gero kasuwar Afala ko ta Tawa, sai ya rasa gane kuɗinsa, har a cuce shi. Haka kuma akwai yaran da ake duka a lakkol saboda lissafi, daga baya iyaye su fitar da su. Ya kamata mu san dalili.

Mene ne wannan matsala?

Likitoci suna kiranta diskalkuliya. Wani masani mai suna Ladislav Kosc, mutumin tsohuwar ƙasar Cekosulobakiya, ya yi bayaninta a shekarar 1974. Bincike ya nuna cikin mutum 100, kamar 3 zuwa 6 suna da ita. Da ita ake haihuwar mutum, kuma takan bi jini. Sashen ƙwaƙwalwa mai gane yawan abu ne yake aiki ba kamar na sauran mutane ba. Ba lalaci ba ne, ba sammu ba ne, ba aljanu ba ne.

Yaya za mu gane ta?

Idan an ajiye dabino 4, mai ita ba ya ganewa da kallo ɗaya, sai ya ƙidaya. Yakan daɗe kafin ya ce wanne ya fi yawa, 7 ko 9. Yau ya koyi 3 da 4 sun zama 7, gobe ya manta. Karɓar canji da duba agogo suna ba shi wahala.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Wanda bai taɓa koyon lissafi ba yana bukatar lokaci ne kawai. Yunwa, ƙarancin jini, raunin gani ko na ji su ma suna hana yaro fahimta. Saboda haka mu fara kai shi gidan likita a duba shi.

Me za mu yi?

Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Koyarwa cikin haƙuri ita ce ke taimako.

Na farko, mu koyar da abin da hannu ke taɓawa: tsakuwa, ƙwallon dabino ko tsinke. A ɗaure tsinke goma-goma, don ya ga 23 ɗauri 2 ne da tsinke 3.

Na biyu, kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Ƙidaya da yatsu ba abin kunya ba ne.

Na uku, kuɗinmu yana rikita mutane, domin muna faɗinsa da dala, ana rubuta shi da sefa. Dala 1 sefa 5 ce. Mu rubuta wannan a takarda mu sa a aljihu: dala 20 ita ce 100, dala 100 ita ce 500, dala 200 ita ce 1000, wato jika guda.

Na huɗu, wajen awon hatsi, a ajiye tsakuwa guda duk lokacin da aka zuba tiya guda. Idan an gama, a jera tsakuwar goma-goma.

Na biyar, a yi amfani da na'urar lissafi ta cikin salula. Idan cinikin babba ne, kamar sayar da sa, a tafi da amintacce.

Na shida, wajen magani, a roƙi ma'aikacin lafiya ya zana layi a kan takarda: layi guda, ƙwaya guda. Kuskure a nan yana da haɗari.

Iyaye da malamai, bulala ba ta koyar da lissafi, tsoro kawai take ƙarawa. Mu yaba wa yaro a kan abin da ya iya, mu bar shi a makaranta. Ku kuma manya, kada ku bar aji saboda kunya. Ku gaya wa malaminku inda kuka tsaya, a sake farawa daga nan.