Matan marigayi a maɗaba'un Paris

A Paris ta ƙarni na 16, maɗaba'a da gida ba su rabuwa. Ƙasa shago ne, sama ɗakunan kwana, yaran da ke koyon aiki kuma tukunya ɗaya suke ci da iyalin maigida. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida da warin tawada take buɗe ido. Tana ganin ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ana jiƙa takarda tun dare don ta sha tawada, da safe a danna, a rataye shafuka kan igiya su bushe. Kafin a yi mata aure ta san farashin takarda, ta san mai biya da mai cin bashi.

Duk da haka al'adar masu sana'ar ba ta ba mace shugabancin shago sai ta ƙofa guda: mutuwar miji. Idan maigida ya rasu, matarsa ta gaji injuna da haruffa da ma'aikata, ta ci gaba da ɗab'i. Sharaɗin shi ne kada ta auri wanda ba ɗan sana'a ba. In ta yi, haƙƙin ya faɗi. Shi ya sa bazawarar maɗaba'a ba ta rasa manema daga cikin gida, don wanda ya same ta ya sami shago. A bangon littafi kuwa sau da yawa "matar marigayi wane" ake rubutawa, sunanta na yanka ya ɓace.

Charlotte Guillard ta bi wannan hanya sau biyu. Ta auri Berthold Rembolt, mai maɗaba'ar Soleil d'Or a titin Saint-Jacques. Da ya rasu ta auri Claude Chevallon a 1520. Shi ma ya kwanta dama a 1537, ita kuwa ba ta sake aure ba. Shekara 20 ta riƙe gidan ita kaɗai, tana buga manyan littattafan shari'a da na malaman coci na farko, cikin Latin, da sunanta a jiki. Yolande Bonhomme, 'yar mai sayar da littattafai, ta fi ta daɗewa: mijinta Thielman Kerver ya rasu a 1522, ta yi ta fitar da littattafan addu'o'i har 1557, shekarar da su biyun suka rasu.

A ganina kuskure ne a ce riƙon ƙwarya suka yi wa magada. Wadda ta shafe shekara 35 tana biyan ma'aikata da cinikin takarda, ita ce mai maɗaba'ar.