Dam ɗin Ƙauyenmu, Na Waye?

Ka tsaya bakin kowane ƙaramin dam a karkara ka tambayi masu shi, za ka ji amsa kala-kala. Masunta su nuna maka Sarkin Ruwa. Manoman rani su ce ai gonakin iyayensu ruwan ya cinye. Makiyayi ya ce mashayarsa ce. To, ka ce wa zai toshe ramin da ke jikin ganuwar? Nan take kowa zai ce, "Ai kayan gwamnati ne."

Wace gwamnati kuwa? Manyan madatsu suna da uba sananne: Tiga da Challawa na hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta Tarayya. Ƙanana da dama a Kano, irin su Tomas da Kafin Ciri da Guzuguzu, jiha ce ta yi su, tun yunƙurin da Gwamna Audu Bako ya faro. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi da ƙaramar hukuma ko wani ɗan majalisa ya haƙa, aka yanka ƙyalle, aka watse, ba a damƙa wa kowa ba. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasa a wuyan gwamna, amma ba ta ce ga wanda zai riƙa zagaya ganuwa bayan kowane ruwan Agusta ba.

Galibin waɗannan madatsu na ƙasa ne, jar ƙasa da yumɓu aka dandaƙe, kuma a hankali suke mutuwa. Gara ta yi shuri, ta rarake ciki. Gafiya ta haƙa. Bishiyar da aka bari don inuwa, ran da ta bushe saiwarta ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Shanu su mayar da ganuwa burtali har samanta ya lotsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin da kowa zai iya dubawa ba sai injiniya ba. Zagaya bayan ganuwar da rani. In ka ga ciyawa shar a wuri guda alhali ko'ina ya ƙone, ruwa na tsattsafowa. Ɗebo shi a kwalba. In garau yake, a sa ido. In ya fito da launin kunun kanwa, ganuwar ce take zubewa ta ciki, a gaggauta sanar da hukuma, a kuma gaya wa mutanen gangare.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mafitar rarar ruwa. Manoma kan jera mata buhunan yashi don ruwa ya kai su ƙarshen rani. Na fahimci dalilinsu, tumatir ba ya jin bari. Amma in mafitar ta toshe, ruwan damina sai ya bi ta saman ganuwa, madatsar ƙasa kuwa ba ta jure ruwa ya haura kanta. Cikin sa'o'i kaɗan zai yanka ta. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988 bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta Alau ma ta ɓalle a Satumban 2024, Maiduguri ta kwana cikin ruwa, alhali madatsar tana da hukuma da ma'aikata.

Gari zai iya kafa kwamiti ƙarƙashin dagaci, da masunta da manoma da makiyaya, su nemi a rubuta musu a takarda ofishin da dam ɗin ke ƙarƙashinsa. A sare tsiron bishiya tun yana ƙarami, a kafa sanda mai awo a bakin ruwa, a hana yara wanka, don ko ba nutsewa, tsargiya na nan. A kuma san tudun da za a nufa in mai shela ya buga da tsakar dare.