Tsadar Makamashi da Sanyin Gidaje a Birtaniya: Dalilai da Abin da Ya Biyo Baya

Tun daga ƙarshen shekarar 2021 magidanta a Birtaniya suka shiga rage yawan iskar gas da wutar lantarkin da suke amfani da su a gida, har ta kai hukumar da ke sa ido a kan kasuwar makamashi ta ƙasar, wato Ofgem, ta sauya ƙiyasinta na abin da matsakaicin gida ke sha a shekara. A watan Oktoban 2023 ta saukar da ƙiyasin gas daga kilowat-awa 12,000 zuwa 11,500, na lantarki kuma daga 2,900 zuwa 2,700, kilowat-awa kuwa shi ne ma'aunin da mita ke ƙirga makamashi da shi. Wanda ya tsaya a kan alƙaluman kaɗai zai ɗauka jama'a sun koyi tattali ne, alhali raguwar ta haɗa abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba: gidajen da suka rage asara ba tare da sun rasa ɗumi ba, da gidajen da suka kashe na'urar ɗumama ɗaki suka zauna cikin sanyi domin kuɗin ya fi ƙarfinsu. Mita ba ta bambanta waɗannan gidaje biyu, amma asibiti da kamfanin karɓar bashi suna bambanta su.

Hunturun Birtaniya ba irin na ƙasar Hausa ba ne, wanda busasshe ne, kuma rana kan kore shi da hantsi. Sanyi ne mai danshi da gajerun ranaku, wanda ke sa a kunna na'urar ɗumama gida daga wajen watan Oktoba har zuwa Afrilu. Galibin gidajen ƙasar, kimanin kashi 85 cikin ɗari, da gas ake ɗumama su, ta hanyar tukunyar da ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa wasu faifayen ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki, su kuma su saki zafin. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗumin ɗakin da ake zaune a ciki ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyos, domin a ƙasa da haka hawan jini da ciwon zuciya da cututtukan numfashi kan tsananta, musamman ga tsofaffi da jarirai. Saboda haka kuɗin ɗumama gida a can yana sahu ɗaya da kuɗin abinci da na haya.

Dalilin da ya fi fitowa fili shi ne tashin farashin gas a kasuwar duniya. Farashin ya fara hawa a 2021, lokacin da masana'antu suka farfaɗo bayan kullen korona, rumbunan gas na Turai kuma ba su cika ba, sannan mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairun 2022 ta ƙara masa wuta, har Rasha ta tsayar da bututun Nord Stream mai kai gas Turai gaba ɗaya a ƙarshen watan Agustan wannan shekara. Abin lura shi ne Birtaniya ba ta dogara da gas ɗin Rasha ba, domin abin da take saye daga can bai kai kashi 5 cikin ɗari na buƙatarta ba, kusan rabi tana haƙowa ne daga Tekun Arewa, mafi yawan sauran kuma daga Norwe yake zuwa. Sai dai kamfanonin da ke haƙo gas ɗin suna sayar da shi ne a farashin kasuwar Turai, ƙasar kuma ba ta da wurin ajiya mai yawa tun da kamfanin Centrica ya rufe babban rumbunta na Rough a 2017, wanda sai a watan Oktoban 2022 aka sake buɗe wani sashe nasa. Lantarki ma bai tsira ba, saboda tsarin kasuwar ya sa tashar da ta fi tsada cikin waɗanda ake buƙata a kowane lokaci ita ke yanke farashin duka, kuma sau da yawa tashar gas ce, ko da wutar da ta isa gidan mutum daga iska aka samo ta.

Tun watan Janairun 2019 Ofgem ke ƙayyade iyakar farashi, wadda ba iyaka ba ce ga jimillar kuɗin da gida zai biya, iyaka ce ga farashin kowane kilowat-awa da kuma kuɗin tsaye na kullum da ake biya ko an kunna wuta ko ba a kunna ba. A watan Oktoban 2021 wannan iyaka ta matsakaicin gida tana kan fam 1,277 a shekara, a Afrilun 2022 ta koma fam 1,971, an kuma sanar da cewa a Oktoba za ta kai fam 3,549, kafin gwamnatin Liz Truss ta tsayar da ita a fam 2,500 ta ɗauki nauyin biyan bambancin daga baitulmali. Kafin nan kamfanonin sayar da makamashi kusan 30 sun durƙushe, ciki har da Bulb mai masu hulɗa sama da miliyan ɗaya da rabi, domin suna saye da tsada, doka kuma ta hana su sayarwa da tsada. Kuɗin kwashe masu hulɗarsu zuwa wasu kamfanoni ma a kan takardar biyan kuɗin magidanta aka raba shi.

Duk wannan bayani ne na farashi. Dalilin da ya fi zurfi, wanda ya sa tashin farashin ya yi wa Birtaniya ciwo fiye da wasu maƙwabtanta da suka fi ta sanyi, yana cikin ginin gidajen kansu. Gidajen ƙasar suna cikin mafiya tsufa a Turai, kusan ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila an gina su ne kafin 1919, da bangon bulo mai kauri ɗaya wanda zafi ke ratsawa cikin sauƙi. Daga shekarun 1920 aka fara yawaita bango mai ruɓi biyu da sarari a tsakani, wanda za a iya cika shi da wani abu mai kama da auduga ko kumfa domin ya riƙe ɗumi, kamar yadda ake shimfiɗa irin wannan abu a ƙarƙashin rufi, inda kaurin da ake ba da shawara a yau ya kai milimita 270. A gidan da ba a yi wa wannan aiki ba, kimanin kashi ɗaya cikin uku na zafin da aka saya ta bango yake fita, kashi ɗaya cikin huɗu ta rufi, sauran kuma ta tagogi da ƙofofi da daɓe. Ɗumama irin wannan gida ɗiban ruwa ne da kwando, kuma mai gidan yana biyan kuɗin abin da ya zube daidai da na abin da ya amfana da shi.

Wannan matsala sananniya ce tun da daɗewa, kuma har zuwa 2012 ana yi wa gidaje masu yawa aikin riƙe ɗumi kowace shekara da tallafin da aka ɗora wa kamfanonin makamashi. A 2013 gwamnatin David Cameron ta rage waɗannan shirye-shirye da nufin sauƙaƙa kuɗin wuta na lokacin, ta kawo tsarin rance da ake kira Green Deal, wanda jama'a ba su karɓa ba saboda ruwan da ke kansa, aka daina zuba masa kuɗi a 2015, shekarar da aka kuma soke ƙa'idar da za ta tilasta gina sababbin gidaje masu ƙarancin asarar zafi. Yawan aikin da ake yi ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, wani shirin tallafi da aka buɗe a Satumban 2020 kuma aka rufe shi bayan wata shida kacal. Ƙaramin sauƙin da aka samu a 2013 an biya shi ninki-ninki a 2022, ma'aikatan da suka iya aikin kuma da yawa sun watse zuwa wasu sana'o'i.

Da farashi ya tashi, matakan da magidanta suka ɗauka sun bambanta gwargwadon ƙarfin aljihu. Akwai na tattali na gaskiya, waɗanda ba su rage lafiyar kowa ba: toshe kafofin da iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga, rataya labule mai kauri a kuma sake shi da faɗuwar rana, rage ɗumin gida da digiri ɗaya wanda kan rage kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ɗumamawa, da saukar da zafin ruwan da tukunya ke turawa cikin bututu zuwa digiri 60, inda tukwanen zamani suka fi aiki da kyau. Gwamnati da kanta ta tallata irin waɗannan dabaru a watan Disambar 2022. Amfaninsu tabbatacce ne, sai dai yana da iyaka, domin gidan da kuɗinsa ya ninka ba zai cike giɓin da labule ba, kuma wanda tun farko ɗakinsa bai kai digiri 18 ba, ba shi da digirin da zai rage.

A nan ne kashi na biyu, wato gidajen da suka zauna cikin sanyi, ya bayyana. A watan Afrilun 2022 Martin Lewis, wanda ya yi suna wajen ba jama'a shawara kan kuɗi, ya fitar da jagora kan yadda mutum zai ɗumama jikinsa maimakon gidansa, da bargo mai lantarki da tufafi ruɓi-ruɓi da gorar ruwan zafi, ya kuma bayyana cewa bai ji daɗin ganin an kai ga buƙatar irin wannan jagora ba. A hunturun wannan shekara ƙananan hukumomi da ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai suka buɗe wuraren shan ɗumi, inda mutane ke wuni domin kada su kunna na'ura a gida. Dabarar ɗumama jiki tana rage kuɗi ƙwarai, amma tana barin bango da sanyi, tururin girki da na wanka da na tufafin da aka shanya a ɗaki kuma sai ya zama raɓa a jikinsa, daga nan fumfuna ta fito. Illar fumfuna ga huhu ta girgiza ƙasar a Nuwamban 2022, lokacin da binciken kotu ya tabbatar da cewa ita ce ta yi ajalin wani yaro ɗan shekara biyu a gidan haya a garin Rochdale a Disambar 2020, abin da ya haifar da dokar 2023 da ta tilasta wa masu gidajen haya na jama'a gyara danshi cikin ƙayyadadden lokaci.

Nauyin ya fi sauka a kan gidaje kimanin miliyan huɗu masu mita mai kati, irin wadda masu amfani da lantarki a Nijeriya suka sani, wadda wuta ke ɗaukewa da zarar kuɗin da aka saka ya ƙare. A can galibi masu ƙaramin ƙarfi ne ke da ita, ko waɗanda aka saka wa saboda bashi, kuma kuɗin tsaye na kullum yana ci gaba da taruwa ko gidan yana cikin duhu. A Fabrairun 2023 jaridar The Times ta fallasa yadda wakilan karɓar bashi da ke yi wa kamfanin British Gas aiki suke shiga gidajen marasa ƙarfi da takardar kotu su saka irin wannan mita da ƙarfi, Ofgem kuma ta dakatar da aikin. Bashin makamashi da ke kan magidanta ya haura fam biliyan 3 a 2024, duk da cewa farashi ya sauko daga ƙololuwarsa, abin da ke nuna cewa saukar ba ta kai inda aka baro ba: iyakar farashi a Oktoban 2024 fam 1,717 ce, a kan ƙiyasin amfani da aka riga aka rage.

Tallafin gwamnati ya hana abin ya zama bala'i, wannan ba abin musu ba ne. Bayan tsayar da farashi, an rage wa kowane gida fam 400 a hunturun 2022 zuwa 2023, an kuma ɗora wa kamfanonin haƙar mai da gas harajin ribar da ta faɗo musu. Amma shirye-shiryen tallafin, idan aka haɗa da na 'yan kasuwa, sun ci sama da fam biliyan 40, kuma saboda an raba su ga kowa da kowa, mai babban gida da ke shan makamashi da yawa ya fi mai ɗaki biyu cin moriyar tsayar da farashin. Yunƙurin ware masu buƙata kaɗai ma ya zo da nasa rikici: a Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita tallafin hunturu na 'yan fansho, wanda ake biya tun 1997, ga matalautansu kaɗai, mutane kusan miliyan goma suka rasa shi, sai ga gwamnatin ta janye mafi yawan matakin a Yunin 2025 bayan fushin masu zaɓe.

Gyaran gidajen kuwa yana cin karo da cikas iri-iri. A gidan haya mai gida ne zai biya kuɗin gyara, ɗan haya ne zai ga sauƙin, don haka ba mai gaggawa, shirin tilasta ɗaga matsayin gidajen haya kuma gwamnatin Rishi Sunak ta soke shi a Satumban 2023 kafin gwamnatin Leba ta dawo da maganarsa. Na'urar zuƙo ɗumi daga iskar waje, wadda ke ba da zafi kusan ninki uku na lantarkin da ta sha, tana samun tallafin fam 7,500, sai dai farashin lantarki ya kai kusan ninki huɗu na gas, wani ɓangare saboda harajin da aka jibga masa, don haka ribarta a aljihu ba ta da yawa. Mafi muni, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya gano a 2025 cewa kusan duk aikin lulluɓe bango ta waje da aka yi a ƙarƙashin shirye-shiryen tallafi na baya-bayan nan yana buƙatar gyara, saboda ha'incin 'yan kwangila da raunin sa ido.

Idan aka auna dalilan, yaƙi da kasuwar duniya su suka kawo tsadar, amma tsofaffin gidaje da shekaru goma na sakaci su suka yanke girman ɓarnar da kuma waɗanda ta fi shafa. Ƙididdigar gwamnati ta 2023 ta nuna cewa gidaje sama da miliyan uku a Ingila kaɗai, kimanin kashi 13 cikin ɗari, suna cikin talaucin makamashi, wato ƙarancin kuɗin shiga ya haɗu musu da gida mai asarar zafi. Tallafin fam biliyan 40 ya riga ya ƙare, bangon waɗannan gidaje kuma yana nan yadda yake.