Giɓin haƙori da kuben roba mai toshe shi

Duk manomin da ya taɓa kafa darni ya san abin da ke faruwa in an zare dirka guda. Kwana ɗaya ko biyu ba a ganin kome. Amma kafin damana ta fita, dirkokin da ke gefe sun fara karkata zuwa wurin da aka bari. Haka haƙora suke a bakin mutum.

Babban mutum yana da haƙora 32, kowane yana jingine da maƙwabcinsa. In aka cire ɗaya, na baya yakan kwanto gaba sannu a hankali. Na sama, wanda ya saba haɗuwa da wanda aka cire wajen tauna, yakan zazzago ƙasa tunda ba abin da ke tare shi. Ƙashin muƙamuƙi kuma, inda saiwar take dā, yakan motse, musamman cikin wata 6 na farko. Daga nan sai abinci ya riƙa maƙalewa, tauna ta koma gefe guda. Mutane da yawa sukan ce ciwo ya ƙare ran da aka cire haƙori. Zafin ne ya ƙare, giɓin kuwa ran nan ya soma aikinsa.

A yau muna so mu yi bayanin wata dabara da ƴaƴanmu na birni suke gani a cikin wayoyinsu, har suna tambayarmu. Wani kube ne na roba, siriri, garai-garai kamar ruwa, wanda ake kifa ma haƙora duka kamar yadda wuƙa ke shiga kubenta. Wanda ke nesa ba ya lura da shi. Wani kamfani na ƙasar Amurka da aka kafa a 1997 shi ya yaɗa shi a duniya da sunan Invisalign, yanzu kuwa kamfanoni da dama suna yin irinsa.

Ga yadda yake aiki. Lokotoron haƙora yakan ɗauki awon bakin mutum da hoton ƙashinsa. Sai a tsara a kwamfuta hanyar da kowane haƙori zai bi, a ƙera kube masu yawa a jere, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. Kube guda yana tura haƙori kamar kashi 1 cikin 4 na milimita, wato bai kai kaurin farce ba. A gefen da ake turawa ƙashi yakan narke kaɗan, a ɗaya gefen sabon ƙashi ya fito ya cike. Shi ya sa ba a gaggawa. Bayan sati 1 ko 2 sai a ajiye wannan kube a ɗauki na gaba.

To, bari mu yi lissafi tare. Giɓin turmi, wato babban haƙorin tauna, ya kai milimita 10. In haƙori guda ne zai ci wannan tafiya, ana bukatar kube 40. In kowane ya yi sati 2, sati 80 ke nan, fiye da shekara ɗaya da rabi. Wannan ma lissafin takarda ne, don aikin yakan fi haka daɗewa.

Dalili kuwa shi ne, kube kan haƙori kaɗai yake riƙewa, saiwa tana can cikin ƙashi. In ka ja icce daga ƙoli, sunkuyowa zai yi, gindinsa yana nan inda yake. Haka haƙori yakan kwanta cikin giɓi maimakon ya matso a tsaye. A ido giɓi ya rufe, amma saiwoyi suna nesa da juna, kuma tauna ba ta yi daidai ba. Saboda haka lokotoro yakan manna ƴan ƙulla masu launin haƙori don kuben ya sami abin kamawa. Wani lokaci yakan koma ga wayar ƙarfe da aka sani tun dā, wadda ta fi ƙarfin jawo saiwa. A ganinmu, kube ya fi dacewa da ƙaramin giɓi, ko giɓin da lokotoro ya buɗe da gangan don ya daidaita haƙoran da suka cunkushe. Tsohon giɓin turmi, wanda ƙashinsa ya riga ya motse, sau da yawa haƙorin roba ko na dashe ya fi masa.

Akwai kuma wahalar da ba a faɗa a talla. Dole kube ya zauna a baki awa 20 zuwa 22 kowace rana. Abin da ya rage, awa 2 zuwa 4, a ciki za a ci tuwo, a sha fura, a ci goro. Ruwa kaɗai ake sha da shi a baki. Shayi mai zafi yana lanƙwasa robar, sukarinsa kuma ya kwanta ƙarƙashinta ya ci haƙori. Mai zaman shayi tun daga na fari har na uku ya auna kansa tukuna. In an gama aikin ma, sai an riƙa sa wani kube da dare shekara da shekaru, in ba haka ba giɓin ya sake buɗewa. Kuɗinsa masu yawa ne, kuma sai an yi ta komawa wurin lokotoro ya duba. Mai dasashi da ke jini ko haƙori mai girgiɗi, sai ya warke kafin a fara.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu neman hanya mai sauƙi. Kada kowa ya ɗaure haƙora biyu da zare ko robar ɗaurin gashi don su haɗu. Robar takan sulale ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana yanka, har lafiyayyun haƙoran su faɗi. Kada kuma a sayi kube a kasuwa ko ta waya ba tare da lokotoro ya ga baki ba.

In ciwo ya kai ku asibiti, a Maraɗi ne ko Damagaram, Tawa ko Yamai, ku yi tambaya biyu tun ba a ɗauko abin cirewa ba. Ta fari: ana iya cike haƙorin nan a bar shi? Ta biyu: in dole ne a cire, me za mu yi da giɓin, kuma a wane wata zan dawo?