Ƙarfen Da Ya Fi Zinariya Nauyi Ya Zama Magani

 Akwai wani ƙarfe fari kamar azurfa, amma ya fi zinariyar kunnenki nauyi. Sunansa filatinam, galibinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

A 1965 wani malamin jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Barnett Rosenberg, ya ba da labarin abin al'ajabi. Ya tsoma sandunan filatinam cikin ruwan da yake kiwon ƙwayoyin cuta, ya saki lantarki. Sai ƙwayoyin suka daina rabuwa biyu-biyu yadda suka saba hayayyafa, suka yi ta tsawo kamar taliya. Mataimakiyarsa a aikin mace ce fa, Loretta VanCamp. 'Yan makaranta ku riƙe sunan. Da aka bincika, ashe ɗan abin da ya narke daga ƙarfen ne ya hana su. To, ciwon daji kuwa ƙwayoyin jiki ne masu rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Aka gwada kan ɓeraye, sa'an nan kan mutane, sai 1978 hukumar Amurka ta yarda da maganin, watau cisplatin.

Yana aiki, har ga dajin huhu, amma yana da wahala: amai, taɓa ƙoda, rage ji. Wani lokaci kuma ciwon ya saba da shi. Shi ya sa masana ke ta haɗa sababbi.

Ga yadda suke gwaji. A 1972 an ɗebo ƙwayoyin daji daga huhun wani mutum mai shekara 58, aka sa musu suna A549. Jikokinsu ake kiwo har yau cikin 'yan faranti masu ɗumin jiki, kamar yadda Bafulatana ke rage ɗan nono ta zuba a madarar gobe. Sai a ɗiga sabon magani, a jira kwana biyu ko uku, a ƙidaya waɗanda suka rayu, a gwama da aikin cisplatin. Lalle kuma a ɗiga wa lafiyayyun ƙwayoyi, don ko ruwan zafi ma ai yana kashe na daji a faranti! Galibin magungunan a nan tafiyarsu ke ƙarewa.

Saboda haka, ke da ke Unguwar Tudu, in mai lasifika a kasuwa ya ɗaga kwalba ya ce ta daji ce, tambaye shi inda aka gwada ta. In maigida mai shan sigari ne, ko ke ce kullum cikin hayaƙin murhu, ga tari ya wuce mako biyu, ga rama ko jini a kaki, ku tafi asibitin Gwarzo ko na Kabo. Za a fara duba tarin tibi. In ba shi ba ne, a tura ku asibitin Malam Aminu Kano a ɗauki hoton ƙirji.